Kwantenar da Ba Ta Taɓa Mutuwa Ba

'Yar Kawu,

Assalamu alaikum. Ina fata kina lafiya, ke da maigidanki da yaran. Yaya ƙafar Kawu? Inna ta ce min yanzu sai an kai shi shago a mota. Ki ce masa ya bi maganar likita, duk da na san wanda nake aika wa saƙon. Mu nan alhamdulillahi, sai bayana da ya fara yi min gardama. Likita ya ce zama ne ya yi yawa. Na ce masa ai zaman ake biyana in yi.

Inna ta sake tambayata aikin me nake yi a ƙasar mutane duk shekarun nan. Na ce mata kamfanoni yanzu ba sa sayen manyan kwamfutoci su ajiye a ofis, haya suke yi a ɗakunan na'urori na wasu, abin da ake ce wa girgije. Manhajarsu kuma sun yanyanka ta, kowane yanki a cikin ɗan akwatinsa da ake kira kwantena. Ni nawa shi ne in auna yadda kowane kamfani ke kula da kwantenoninsa, in jera su, wane ya fi wane. Ta ce, "Wato ɗan sa ido ka zama."

Ita ce kuma ta ba ni labarin an ba ki riƙon ƙwaryar shugabancin sashenku. Allah ya sanya alheri. Yarinyar da ta taɓa zuba wa rediyon Kawu ruwa don ta wanke shi, yau ita ce ke riƙe da na'urorin da ke kai sakamakon gwajin jini daga ɗakin gwaji zuwa asibitoci. Allah ya tsare marasa lafiya.

Na kuma ji kamfaninku ya shiga kwatancenmu na bana. A kan wannan bakina a ɗaure yake. Bayanan kamfanoni da lamba suke zuwar mana, ba suna, kuma na sa hannu cewa ba zan tattauna na kowa da kowa ba. Don haka abin da zan faɗa yanzu hira ce kawai ta tsoho.

Kin san mai ƙwanƙwasa, ɗan abin nan da ke bin kwantena ɗaya bayan ɗaya yana tambaya, kina raye? In ba ta amsa ba a kashe ta a tayar da sabuwa. To, manajanmu, wani yaro mai takalmi mai tsini, ya sa an riƙa ƙirga kowace sake tayarwa a matsayin baƙin maki. Na ce masa a taro, a ɗakin nan mai bangon gilashi inda kowa ke ganin ana ƙaryata ka, cewa wannan ma'aunin zai koya wa mutane ɓoye gawa. Ya ce masu sayen rahoto lamba ɗaya suke so su gani. Aka wuce wurin.

Ni dai in aka nuna min garken kwantena aka ce wata da watanni ko ɗaya ba ta mutu ba, ba na yin barka. Tashi nake yi in je in duba ko har yanzu akwai mai tambayarsu.

Ki gaida kowa.

Ɗan gwaggonki


Ɗan Gwaggo, tsoho mai ciwon baya,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya ƙalau. Baba ya ce in faɗa maka ƙafarsa ta fi bayanka ƙwari, in ka isa ka zo ku yi tsere. Gwaggo ta zo mana ranar Juma'a, ta ce ka rame a hoto, na ce mata baƙin hali ne ke cin ka.

Rediyon nan dai ba za ka bar shi ya huta ba? Kai da ka kai shekara goma sha biyar kana tsoron agwagwa.

Na karanta wa'azinka na garke da gawa, na yi dariya har abokin aikina ya leƙo. Ka ji min mutum! Wato in kwantenoninmu suna mutuwa, ka ce yarinya ba ta iya aiki ba. In ba sa mutuwa, ka ce gawa muka ɓoye. Hassada ce kawai, Ɗan Gwaggo, kuma na yafe maka, don na san sanyin ƙasar can ya taɓa ka.

Bari in ƙara maka baƙin ciki. Allon da ke bangon ofishinmu kore ne shar tun farkon zangon nan. Oga yana wucewa ya tsaya ya kalle shi kamar ya ga sabuwar mota. Ya ce min a gaban mutane, in muka fito cikin na sama a jerinku, zai cire kalmar riƙon ƙwarya daga kan ƙofata. Na riga na faɗa wa Baba, shi kuma ka san shi, ya faɗa wa duk wanda ya shigo shago sayen ƙusa.

Don haka ka gyara sikelinka da kyau, kar ka sa mana babban yatsa a kai.

Aiki ya yi min yawa kwanan nan, kar ka ga shiru ka ce na yi fushi.

Uwar ɗakinka, ko ka so ko ka ƙi,
'Yar kawunka


'Yar Kawu,

Sallama da fatan alheri. Na ji daɗin jin Kawu yana da ƙarfin neman tsere. Ƙaramin ɗana ya yi zazzaɓi amma ya warware, har ya koma makaranta. Uwarsu tana gaishe ki.

Ki saurare ni, wannan karon ba wasa nake ba.

Allo abin da aka ce masa ya nuna shi yake nunawa. In kwantena ta daskare tana tsaye, ba ta mutu ba kuma ba ta aiki, allo zai nuna ta kore, domin shi bai san komai ba sai tana nan ko ba ta nan. Wanda ke gane bambancin shi ne mai ƙwanƙwasa. Ban ce na ga komai ba. Ban ce naku haka yake ba. Amma da ni ne ke riƙe da aiki irin naku, ba allo zan kalla ba, layin saƙonnin da ke jiran a kai su zan kalla, musamman da safe. Zan kuma kira asibiti biyu ko uku in tambayi ma'aikatan jinya ko sakamako na iso musu a kan lokaci.

Ki yi wannan kafin mu rufe karɓar bayanai. Duk kamfanin da ya gyara abu da kansa ya sanar da mu, ba ma rubuta komai a kansa, makinsa ne kawai ke sauka.

Maganar agwagwa kuwa, ki tambayi Kawu wa ta bi har cikin banɗaki tana ihu. Ba ni ba ne.

Ɗan gwaggonki


'Yar Kawu,

Assalamu alaikum. Makonni ke nan ban ji daga gare ki ba. Na kira wayarki ba ki ɗaga ba, sai saƙonki na gani cewa kina taro, za ki neme ni. Inna ta ce kowa lafiya, shi ne hankalina ya kwanta ta wannan ɓangaren. Bayana yana nan yadda yake.

Zan faɗa miki abin da na yi, don gara ki ji daga bakina kafin takardar ofishinmu ta iso wa oganku.

Ka'idarmu ita ce duk kamfanin da ya fito a sama, sai mutum ya sake bin bayanansa da ido kafin a buga rahoto. Kun fito a sama. Lambar da aka ba ku ba ta ɓoye min komai ba, domin kamfani nawa ne aikinsa ke tashi daidai lokacin da ɗakunan gwaji ke buɗewa? Aka ajiye min naku a tebur. Na je na faɗa wa manaja ina da 'yar'uwa a wurin, bai kamata in taɓa ba. Ya miƙa wa Dogo, wanda ke zaune kusa da taga. Dogo mutumin kirki ne, amma na san irin dubawarsa. Ya buɗe, ya ga sifili a layin sake tayarwa, ya ce ma sha Allah, ya sa hannu, ya tafi shan shayi.

A nan maganar ta ƙare, da na bar ta. Babu wanda zai tambaye ni. Na yi abin da doka ta ce, na janye hannuna.

Amma kafin in miƙa na riga na gani, tun bayananku suna shigowa, kafin ma in rubuta miki wasiƙar da ta wuce. Na ga kwantenar da ke ɗaukar sakamako ta tsaya cak tun safe, layi yana ta tsawo a bayanta, har azahar, sannan wani ya zo ya tayar da ita da hannu, irin tayarwar da ma'auninmu ba ya ƙirgawa. Ba sau ɗaya ba. Na ga ranar da ta wuni a haka, ranar hutu ce, ina jin ba kowa a ofis. Na zauna ina kallon layin nan, na san kowane ɗigo a cikinsa jinin wani ne da aka ɗiba, yana zaune a benci yana jira a kira sunansa.

Na yi kwana biyu ina zuwa aiki ina komawa ban ce komai ba. A bas ina ta gaya wa kaina ai yarinyar za ta gyara, ai na rubuta mata. Rana ta uku na shiga ɗakin gilashi na ce wa manaja a sa wani ya sake duba wannan lambar, ya duba ko mai ƙwanƙwasa yana kunne. Aka duba. Ashe an cire shi daga kan kwantenoninku duka.

An fitar da ku daga jerin. Za a rubuta wa oganku dalili. Na roƙa a rubuta cewa ma'auninmu ne ke tura mutane ga yin haka, na ma rubuta sakin layin da kaina. Manaja ya goge shi, ya ce ba za mu zagi kayanmu a takardarmu ba.

Ban san wa ya cire mai ƙwanƙwasa ba, kuma ban tambaya ba. Ki rubuto min ko zagi ne.

Ɗan gwaggonki


Ɗan Gwaggo,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya. Allah ya ƙara wa yaro sauƙi, sai yanzu na ga ya yi rashin lafiya.

Ni na cire shi. Ba sai ka yi ta kewaye-kewaye ba.

Tunda ba ka tambaya ba, bari in faɗa maka dalili. Wanda ya kafa tsarin kafin ni ya sa mai ƙwanƙwasa ba ya haƙuri ko kaɗan. Da safe, in ɗakunan gwaji suka juye mana sakamako gaba ɗaya, kwantena tana tsakiyar aiki, ya ƙwanƙwasa, ta ɗan yi jinkirin amsawa, sai a kashe ta da kayan mutane a hannu. Sabuwa ta tashi, ita ma a kashe ta. Lafiyayyu yake kashewa, Ɗan Gwaggo. Allo ya yi ja, oga ya tsaya a kaina yana cewa ga masu awo sun fara ƙirga. Na ce a ba ni lokaci in gwada in daidaita shi. Ya ce lokaci ne ba mu da shi. Na cire da niyyar mako ɗaya. Allo ya koma kore, oga ya fara gaishe ni da suna, daga nan ban sake samun ranar da zan shiga ofishinsa in ce zan mayar da ja ba. Ni da abokin aikina muka riƙa leƙa layin muna tayar da wadda ta daskare. Na ɗauka muna kamawa. Ranar hutun da ka gani, ban san da ita ba sai a takardarku.

Wasiƙarka ta biyu kuwa, ban karanta ta ba sai bayan an gama komai. Na buɗe, idona ya faɗa kan agwagwa a ƙasa, na ce tsohon nan ya dawo da tsiyarsa, bari in ajiye sai na sami sukuni in yi dariya in rama. Ko da na karanta ma, ka san sau nawa ka ce min ba wasa kake ba a rayuwarmu? Haka ka ce ranar da ka gaya min an fasa jarrabawa. Haka ka ce ranar da ka ce maigidana ya kira ka yana neman a mayar masa da kayansa. Tun ina goye kake ce min ba wasa kake ba.

Oga ya riga ya sa an buga ƙyallen murna, yana naɗe a bayan ƙofarsa har yanzu. Ya tara mu a ɗakin taro ya karanta takardarku da ƙarfi, ya ce shi bai taɓa jin wani abu wai shi mai ƙwanƙwasa ba. Wataƙila gaskiya ya faɗa, bai taɓa tambayar yadda ja ya zama kore ba. An ɗauko wani daga waje an ba shi kujerar. Ba a kore ni ba, an ce don ba wanda ya san tsarin kamar ni. Na koma tsohon teburina na bakin ƙofa, inda duk mai shigowa sai ya buge min kujera.

Ba na cewa ka yi ƙarya. Abu ɗaya nake tambaya. Ka iya shiga ɗakin gilashi ka yi magana a fili a gaban mai takalmi mai tsini. Me ya hana ka rubuto min layi ɗaya, ba garke, ba gawa, ba agwagwa, ka ce: na ga naku, ki mayar da shi yau?

'Yar kawunka


'Yar Kawu,

Assalamu alaikum. Na gode da addu'a, yaro ya warke sarai. Ina fata Kawu da yaran suna lafiya.

Na karanta wasiƙarki a bakin aiki, na fita na tsaya a matakala inda masu shan taba ke tsayawa, ni da ba na sha.

Amsar tambayarki ba ta da daɗi. Na sa hannu cewa ba zan faɗa wa kowa abin da na gani a bayanan kowa ba, kuma shekara da shekaru abin da ya rage min a wurin nan ke nan. An tsallake ni an ɗora yaran da na koya wa aiki, an goge rubutuna, an sa sunan wani a kan nawa, duk na haɗiye, ina ce wa kaina aƙalla ba wanda zai ce na taɓa karkata sikeli. Da na ga naku sai na nemi hanyar da zan gaya miki ba tare da na gaya miki ba. Na ɗauka na yi dabara. Na tsare kaina, ke kuma na bar ki da tatsuniya. Sannan na ɗora wasa a ƙarshe, domin ban san yadda ake rubuta miki wasiƙa ba tare da tsokana ba. Ban taɓa yi ba.

Shiga ɗakin gilashi kuwa, ba zan ce miki na yi nadama ba, don ƙarya zan yi. Da za a mayar da ni ranar, zan sake shiga. Mutanen da ke benci ba su san ni ba, ba su san ki ba, ba su kuma shiga kwatancen kowa ba. Abin da ke cina shi ne akwai makonni a tsakani da zan iya ci gaba da kiran wayarki har ki gaji ki ɗaga, ko in kira maigidanki in ce ya ba ki. Na kira sau biyu na ce na fita haƙƙi.

Ke ma ba zan wanke ki tas ba, kin san haka. Mako ɗaya da kika ce, kin bar shi ya zama zango. Amma na ga kamfanoni da yawa, kuma na san wanda ya tsaya a kanki yana kallon allo ya fi ki sanin abin da ba ya son ya sani.

Ga abin dariya in kina da sauran dariya. A taron jiya manaja ya sanar cewa baɗi ma'auni zai fara duba ko mai ƙwanƙwasa yana kunne kafin ya ƙirga komai, kuma za a riƙa auna tsawon layi. Ya ce tunani ne da ya zo masa. Aka tafa. Dogo ya fi kowa tafi.

Kin fi ni sanin tsarinku, amma ga abin da zan gwada. Ki raba tambayar biyu. Ɗaya ta tambayi kwantena ko tana da sukunin karɓar sabon aiki, in ta ce a'a a ƙyale ta ta gama na hannunta. Ɗayar ta tambaya ko tana raye, ita kuma a ba ta haƙuri mai tsawo, sai ta yi shiru sau da yawa a jere kafin a taɓa ta. Ki gwada da nauyin safiya, ba na rana ba. In kina so mu zauna a waya mu bi shi tare, ranar hutuna taki ce. In ba kya so, na gane.

Ɗan gwaggonki


Ɗan Gwaggo,

Wa alaikumus salam. Lafiya lau muke. An canza wa Baba magani, ƙafar ta ɗan saki.

Na mayar da mai ƙwanƙwasa tun kafin wasiƙarka ta zo, kusan yadda ka ce, sai dai na ba shi haƙuri fiye da yadda za ka so. Kwantena biyu ko uku suna mutuwa a rana, suna tashi da kansu. Allo yana yin ja da safe ya koma. Sabon shugaban yana tsayawa ya kalle shi ya kalle ni, ni kuma in kalli layi. Akwai wata ma'aikaciyar jinya da ta saba kiran ofishinmu kusan kullum tana tambayar sakamako, muna ce mata matsalar intanet ɗinsu ce. Ta daina kira.

Ba sai mun zauna a waya ba. Ba fushi nake ba, ban dai shirya jin muryarka ba tukuna.

Baba yana gaishe ka. Har yanzu yana faɗa wa masu shigowa shago cewa 'yarsa ce shugaba a wurin aikinsu, jiya ma na ji shi yana faɗa wa mai kawo masa fenti. Ban gyara masa ba. In ka kira shi, kai ma ka bar shi haka.

'Yar kawunka